Tambayi Barista: "Yaron nan akwai baki, in tura shi karatun lauya?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kusan rabin saƙonnin da suka shigo duk a kan karatun lauya ne, ina jin don lokacin sayen fom ɗin JAMB ya matso. Maganar rikicin haya da na yi muku alƙawari sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, kuma na ɗan datse wasu saƙonnin, don wasunku in suka fara rubutu sai ka ce takardar rabon gado.

TAMBAYA: Salam Barista barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, tumatir da tattasai muke saukewa. Inada yaro ɗan shekara 15 yana SS2, wallahi yaron nan akwai baki, ko ni ubansa in muka fara gardama sai dai ince masa tashi ka bani waje, kowa a layinmu cewa yake wannan ai lauya ne. Ni banyi boko ba allo nayi, shiyasa nake tambaya ya hanyar take, shekara nawa akeyi, kuma me zan fara tanada?
Daga wani Alhaji, Mile 12

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, ya raya mana yaron. Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba: bakin nan da ake yaba masa shi ne abu na ƙarshe da zan duba. Mu lauyan fim muka sani, wanda zai miƙe ya daki tebur ya yi ta zuba har alƙali ya hau gyaɗa kai. A kotun gaske yawancin faɗan a takarda ake yin sa. In za ka shigar da ƙarar fili ko ta bashi a babbar kotun jihar Legas, tun ranar farko sai ka haɗa da sunayen shaidunka, da abin da kowannensu zai faɗa a rubuce da rantsuwa, da kwafin duk takardar da za ka dogara da ita. Jawabin ƙarshe ma rubuta shi ake yi, lauya ya miƙe ya ce ya dogara da abin da ya rubuta, a ba shi ƴan mintuna ya ɗan ƙara haske, ya koma ya zauna. Kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli kuwa kusan takarda ce zalla.

Ni kaina mai baki ne, duk muhawarar makaranta ni ake turawa. Satina na farko a wani ofishin lauyoyi a cikin Ikko, ogana ya turo min wani fayil na shari'ar fili, kauri kamar filo, an ɗaure shi da igiya, gefen takardun har ya yi ja don tsufa. Ya ce gobe da safe yana son ra'ayina a shafi biyu. Na kwana ban runtsa ba na kawo masa shafi tara, da manyan kalmomi har da na Latin, ina jiran yabo. Mutumin nan ya ɗauki jan biro yana sokewa yana shan shayinsa, bai ce min uffan ba, sai da ya gama ya buɗe fayil ɗin ya zaro wata ƴar wasiƙa da na wuce ta ban ko kalla ba, ya ɗora yatsa a kan kwanan watan. A Legas doka ta ba mutum shekara 12 ya nemi filinsa a irin wannan shari'ar, wanda ya kai wanda muke karewa ƙara kuma ya haura. Shari'ar gaba ɗaya a layi ɗaya take, ni kuma ina can ina wa'azi.

To ga gwajin da za ka yi wa yaronka, kuma ba sai ka yi boko ba. Saya masa jaridar Turanci, ya karanta sharhin edita, ya rufe, ya faɗa maka da Hausa me mutumin yake cewa a taƙaice, ba ƙari ba ragi. In ya gama ka ce to yanzu kai ne abokin gabarsa, rushe min maganar. Yaron da ke iya zama awa biyu da takarda ba waya a hannu, ya kuma iya kare ɓangaren da ba nasa ba, shi ne ake nema. Mai gardama don kar a kayar da shi kawai, wannan a kowace majalisar mai shayi akwai shi. Kuma kar ka raina allon da ka yi, in ka sa shi ya yi shi ma to ya riga ya san zaman karatu da maimaici, da yawa daga cikin waɗanda na ga sun yi fice a ajinmu ƴan Islamiyya ne.

Sannan gani ya kori ji. Kotu a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko sisi. Ranar da ba makaranta ya sa kaya masu mutunci ya je kotun majistare ta Ogba ko babbar kotu ta Ikeja, ƙarfe tara ake zama, ya kashe waya ya samu bencin baya ya yi shiru. Zai ga an kira shari'a goma an ɗaga bakwai, zai ga lauya ya sha gosulo tun asuba don maganar minti uku. In ya dawo yana cewa gobe ma zai koma, to ka fara tanadi.

Hanyar kuwa ga ta. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, dole da Turanci da Adabin Turanci, Lissafi ma jami'o'i da dama suna nema. A JAMB zai rubuta Turanci da Adabin Turanci da wasu biyu, irin su Gwamnati ko Tarihi da ilimin addinin Musulunci. Maki 400 ne gaba ɗaya, kuma lauya na cikin kwasa-kwasan da ake rububi, wanda ya tsaya a 200 sai dai addu'a. Jami'a shekara biyar, a ba shi digirin LL.B, amma har yanzu bai zama lauya ba, sai ya je makarantar horas da lauyoyi wadda kowa ke cewa Law School ya yi kamar shekara ɗaya, ya ci jarabawa, a rantsar da shi a Abuja, a rubuta sunansa a kundin kotun ƙoli. Sai bautar ƙasa shekara ɗaya. Bakwai kenan in ba yajin aiki, ka tuna na 2022 wata takwas ya ci. Wajen kuɗi, inda iyaye suka fi jigata shi ne shekarar Law School, don kuɗin makaranta da na littattafai da kwat da rigar lauya da hular gashin nan duk tare suke faɗowa. Ka buɗe masa adashi daban tun yanzu, kar ya zo daidai lokacin da tumatir ya yi kwantai.

TAMBAYA: Kawu Barista ina wuni. Ni ina SS2 ajin saiyans a Agege, Mama tanaso inyi nas amma ni wlh lauya nakeso tun ina ƙarama, matsalar bana yin Literature, shin zan iya cike lauya a haka? Kuma ƙawata tace wai in za'a rantsar da mutum sai ya cire hijabi, in haka ne Baba bazai taɓa yarda ba.
Ƴarka, Agege

AMSA: Lafiya lau ƴata. A'a, ba Adabin Turanci ba lauya, wannan ba inda za a zagaye shi. Amma kina SS2, ba ki makara ba. Ki je wajen shugaban makaranta tare da Mama ko Baba a nemi a mayar da ke ɓangaren adabi tun kafin a yi rijistar WAEC. Wasu za su ce miki ki gama saiyans ɗinki kawai daga baya ki rubuta ta waje ki haɗa sakamako biyu. Ana yi, wasu jami'o'in suna karɓa, amma Jami'ar Legas zama ɗaya take so, kin ga kin rufe wa kanki ƙofar da ta fi kusa da gida.

Kuma kar ki ɗauka labari ne kawai za ki karanta ki wuce. Akwai ƙagaggun labarai, akwai wasan kwaikwayo har da na tsohon Turanci, akwai waƙoƙi, kuma a nan ƴaƴanmu suka fi faɗuwa saboda suna haddace taƙaitawar da ake sayarwa a bakin makaranta ba sa buɗe littafin kansa. Ki nemi jerin littattafan shekararku, don ana canza su, ki karanta kowanne da kanki sau biyu. Saiyans ɗin da kika yi ma bai tafi a banza ba, mai Lissafi a ka yana jin daɗin dokar haraji da ta kamfanoni.

Maganar hijabi ƙawarki tsohon labari ta riƙe. Gaskiya ne a Disambar 2017 an hana wata ƴar'uwa da ta gama Jami'ar Ilori shiga zauren rantsarwa saboda ta ƙi cire hijabinta, ƙasa ta ɗauka, daga baya hukumar manyan lauyoyi da ke rantsarwa ta amince, aka rantsar da ita a Yulin 2018 da hijabinta a ƙarƙashin hular. A Yunin 2022 kuma kotun ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata ƴancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, wannan ma lauyoyi ne suka yi shekaru suna bin ta. Ki faɗa wa Baba mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya ƴar arewa ce, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, daga 2012 zuwa 2014, ta biyu kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun da ta hau a 2024, a nan Jami'ar Legas ta yi digirinta. Mama kuma ki bi ta a hankali, ba laifi ta yi ba don ta so miki aikin da ake samu da wuri.

TAMBAYA: Yaya Barista, a Idi-Araba aka haifeni nan nayi firamare da sakandare, Yarbanci ma na fi wasu Yarbawan, amma takardar asalina ta Katsina ce. UNILAG zan cike ko in tafi BUK ko ABU? Abokaina sunce in na karanta a arewa bazan iya aiki a Legas ba wai dokar daban ce.
Ƙaninka, Idi-Araba

AMSA: Ƙanena abokanka sun ji ƙishin-ƙishin ne ba su ji ƙarshen zancen ba. Lauya ɗaya ne a Najeriya. In an rantsar da kai za ka iya tsayawa a kowace kotu daga Badagry har Maiduguri, ba wanda zai tambaye ka ina ka yi digiri. Inda suka ɗan taɓo gaskiya shi ne dokar laifuka: arewa tana bin kundin Penal Code tun 1960, kudu tana bin Criminal Code, Legas ma ta yi nata na kanta a 2011. Amma ana koyar da duka biyun, kuma dokar kamfanoni ta 2020, da dokar shaida ta 2011, da dokar mallakar ƙasa ta 1978, da kundin tsarin mulki na 1999, duk ɗaya ne ko'ina. Law School ɗin ma ba lallai inda ka zaɓa za a tura ka ba. A nan Legas ta fara a 1963, a titin Igbosere, da ɗalibai takwas kacal, yanzu hedikwatarta na Bwari a Abuja, da rassa a Legas da Bagauda ta Kano da Inugu da Yola da Yenagoa da Fatakwal. Sai ka ga ɗan Zariya a Victoria Island, ɗan Surulere yana shan sanyin Bagauda.

Abin da ya kamata ka lissafa shi ne gurbi. Jami'o'in tarayya suna raba adimishan ne kashi 45 cancanta, kashi 35 jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 jihohin da aka ce an bari a baya a boko. Kuma takardar asali ake dubawa, ba inda aka yanke maka cibiya ba. Jihohin kewayen Jami'ar Legas su ne Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti, ka ga kai ɗan Katsina ba ka ciki duk da a Idi-Araba ka yi rarrafe, sai dai ka shiga da ƙarfin makinka ko ta kason nan na uku. A Kano ko Zariya kuwa takardar taka tana yi maka aiki. Abin da ciwo, na sani, ni ma na sha wannan, amma haka tsarin yake. Kuma Jami'ar Legas sai ka sa ta zaɓin farko take kallon ka. LASU da ke Ojo ta jiha ce, ƴan asalin jiha take fara dubawa.

Ni in ka tambaye ni ra'ayina, in kana da ɗan Larabci da Fiƙihu ka duba kwas ɗin da ke haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci, akwai shi a BUK da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ilori, ABU da Maiduguri ma suna da ɓangaren shari'a. Shekarun ɗaya ne, Law School ɗaya ce, amma kai ka fito da makami biyu. Kundin tsarin mulki ya ce dole a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a kotun ɗaukaka ƙara. A Legas ba kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, amma ka san yawan Musulmin garin nan, kuma kullum ana mutuwa ana barin gida da shago da mata biyu ko uku, ga bankunan da ba ruwa suna neman wanda ya san ɓangaren biyu. Lauyan da ya iya rabon gado ya kuma iya takardun kotu ba ya rasa mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Amma in makinka ya kai, kuma aikin manyan kamfanoni kake hange, zama a Jami'ar Legas da ke Akoka yana da riba, don ofisoshin suna nan kusa, hutu kaɗan ka je ka koyi aiki. Tsangayar lauya tana cikin waɗanda aka buɗe jami'ar da su a 1962, Taslim Elias da ya shugabance ta ya zama Alƙalin Alƙalai, ya kuma shugabanci kotun duniya da ke Hague daga 1982 zuwa 1985.

TAMBAYA: Barista ni shekarata 34 ina canji a Ikeja, inada digiri a harkar kasuwanci. Wani ejan yace zai samo min digirin lauya a Kwatano cikin shekara biyu ba sai na bar shago ba. Ya kake gani?
Ɗan canji, Ikeja

AMSA: Malam riƙe kuɗinka. Kai da ke gane jabun dala da taɓawa kar a sayar maka da jabun digiri. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan an bankaɗo yadda ake sayen su, ban da haka ma Benin, inda Kwatano take, tsarin dokar Faransa take bi, mu na Ingila muka gada. Tambaya ɗaya ce za ka yi wa kowace makaranta, ta gida ko ta waje, kafin ka biya ko kwabo: Hukumar Ilimin Lauyoyi ta amince da ita, ɗalibanta suna shiga Law School? Amincewar hukumar jami'o'i kaɗai ba ta isa ba. Karatun lauya na yamma ko na ƙarshen mako ko na daga gida ba ya kai mutum can, waɗanda suka yi a buɗaɗɗiyar jami'a sun sha shekaru suna jira da digiri a hannu. Ko jami'ar da aka amince da ita ma akwai adadin da aka yanka mata, in ta ɗebi fiye da haka sai ɗalibai su gama su hau layi.

Tunda kana da digiri, nemi shiga kai tsaye ta JAMB, a sa ka a aji biyu, shekara huɗu, amma zama ne na cikakken lokaci, sai ka samu amintacce ya riƙe maka shago. Shekaru ba matsala ba ne, mun zauna aji ɗaya da mai furfura. A Amurka ma haka tsarin yake, sai ka gama wani digirin sannan ka yi lauya shekara uku.

TAMBAYA: Sir ina aji uku a lauya, sakamakona ba laifi amma tsoro nakeji, seniyoyinmu da suka gama suna ta kukan albashi wasu ma kuɗin mota kawai ake basu, kuma ni ban san kowa ba babana direban tirela ne a Apapa. Me zanyi tun yanzu kar in gama in rasa madafa?
Ɗalibi, Ojo

AMSA: Ɗana seniyoyinka ba ƙarya suka yi ba, shekarun farko akwai wuya, ƙananan ofisoshi da yawa abin da suke ba sabon lauya abin kunya ne, manyan na Ikoyi da Victoria Island da ke biya da kyau kuma sakamako suke fara dubawa, na jami'a da na Law School, kafin su ga fuskarka. Don haka maki dai maki dai, kar wani ya ce maka ba ya aiki. Aji uku ba a makara ba, ga dokar ƙasa da dokar shaida da dokar kamfanoni duk suna gabanka.

Ka daina dogara da handawut. In malam ya ambaci shari'a ka je laburare ka karanta hukuncin da kansa, ka rubuta a layi huɗu: me ya faru, me ake jayayya a kai, me kotu ta yanke, saboda me. Kowa a ajinku ya san labarin matar nan ta Sikotilan da ta tarar da ruɓaɓɓiyar katantanwa a kwalbar lemon citta, shari'ar 1932, amma mutum nawa ne suka karanta dalilin alƙalan? Kuma tunda babanka a Apapa yake, je ka karanta shari'ar Amodu Tijani ta 1921, basaraken Legas da Turawan mulki suka karɓe filin danginsa a Apapa ya bi su har Landan ya yi nasara. Ƙasar da tirelar babanka ke tsayawa a kai tana cikin littafin da za a yi maka jarabawa da shi.

Duk dogon hutu ka nemi ofishin lauya ka zauna ko ba a biyan ka, ka ɗauki fayil, ka bi magatakarda rijistiri ka ga yadda ake shigar da takarda da yadda ake kai sammaci. Ka shiga kotun gwaji ta ɗalibai. Ka shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi masu karatun lauya, ta nan za ka haɗu da manyan da ke MULAN, ƙungiyar lauyoyi Musulmi ta Najeriya, ni ta irin wannan hanyar na samu wurin farko. Ka iya kwamfuta sosai, ba waya ba. Ka kuma tsare sunanka, don satar jarabawa ko ƙungiyar asiri na iya hana a rantsar da mutum ko ya ci komai, ana duba hali.

Sai maganar ba ka san kowa ba, wannan ban yarda ba. Ka san direbobin tirela, ka san masu lodi, ka san mahautan Oko-Oba da ƴan Alaba Rago da ƴan gwari. Mutanen nan kullum suna cikin abin da ke buƙatar lauya, an riƙe mota, kaya sun lalace a hanya ba inshora, an ba da bashin miliyoyi da baki ba ko takarda, an sayi fili omo-onile, wato masu cewa filin gadonsu ne, sun dawo sun ce a sake biya, an kama yaro a samame an kai shi caji ofis. Abin da suke nema shi ne wanda za su yi wa bayani da harshensu ba tare da an raina su ba. Na taɓa zama a wata kotun majistare aka kawo wani ɗan acaɓa, aka karanta masa tuhuma da Turanci, aka ce ka aikata ko ba ka aikata ba, ya ce "yes sir" don shi a ganinsa ladabi yake yi wa babba. Na miƙe na roƙi kotu a samo tafinta, don sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba duk wanda ake tuhuma tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Da aka fassara masa sai ya dafe ƙirji ya ce wallahi shi ko wajen bai je ba. Hausarka da Yarbancinka jari ne, amma sai Turancin rubutunka ya tsaya da ƙafarsa tukun.

Kuma ba dole sai kotu ba. Akwai bankuna, da kamfanonin sadarwa, da harkar jiragen ruwa, da ma'aikatar shari'a, da koyarwa. Mai son alƙalanci ya sani sai ya shekara 10 da rantsuwa kafin babbar kotu, muƙamin SAN na manyan lauyoyi ma haka. Ka kuma leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku tun kana aji huɗu, wasu jihohin arewa kan taimaka da kuɗin Law School, amma sai wanda ya bi.

TAMBAYA: Barista dan Allah kar kaji haushi. Ɗana ya samu lauya amma kakarsa ta tada hankali tace aikin ƴan wuta ne, ƙarya suke ci, suna kare ɓarayi. Ni kaina abin yana min yawo a zuciya.
Maman yara, Obalende

AMSA: Hajiya ba haushi, tawa kakar ma sai da ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Fatawa ta malamai ce, ku je ku tambaye su, za su gaya muku wakilci a husuma babi ne sananne a Fiƙihu. Tsoron Iya, kakar yaron, kuma yana da tushe, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya hana mutum zama mai jayayya don kare maha'inta, kuma hadisi ya zo cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, duk wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka to yankin wuta aka yanka masa. Ni wannan hadisin ya fi duk wata dokar aiki tsorata ni.

Amma a gaya wa Iya dokar aikin ma ta hana lauya yi wa kotu ƙarya ko kawo shaidar da ya san ta zur ce, ana cire wa mutum riga a kan haka. Ba kuma duk wanda aka kama ne ɓarawo ba, ta tambayi matan layinku nawa ne aka taɓa ɗebe musu yara a samame. Maƙaryata akwai su a cikinmu, ba zan rantse miki ba, kamar yadda akwai mai tauye mudu a kasuwa.

Bara wani dillalin albasa ya zo ofishina, ana bin sa kuɗin albasa mota biyu, ya rufe ƙofa ya ce Barista gaskiya na ci kuɗin amma ba takarda ba shaida, ka je ka ce ban san mutumin ba. Na ce wannan kam sai dai ka nemi wani, abin da zan iya shi ne in nema maka sauƙin biya. Ya tashi a fusace, bayan sati biyu ya dawo, muka zauna da mai kuɗin da dattawan kasuwarsu aka rubuta yarjejeniya zai biya kashi huɗu. Ya biya uku, na huɗun an ce sai bayan Sallah. Kuɗin aikina kuwa har yau rabin buhun albasa ne, shi ma da ya zo rabinsa ya tsira.